Yini Ɗaya A Kasuwar Mutanen Dutse Ta Nasarawa Eggon

Daga Wakilinmu a Keffi

Duk wanda ya saba bin hanyar Keffi zuwa Lafiya ya san duwatsun nan da ke bayyana gaban matafiyi bayan ya wuce Akwanga. Shekara da shekaru ina hangen su ta tagar mota, ina sayen lemo da mangwaro a gindinsu, amma ban taɓa tsayawa na tambayi su wane ne masu su ba. Ran nan da kaka ta yi sai na ce bari in ware yini guda in ci kasuwar Nasarawa Eggon, inda mutanen duwatsun ke saukowa da amfanin gonarsu.

Mun bar tashar Keffi bayan sallar asuba, muka bi ta Garaku, hantsi bai ɗaga ba muka isa Akwanga, ƙasar Mada. Hanyar yanzu tagwaye ce, an faɗaɗa ta a 'yan shekarun nan. Daga Akwanga muka juya kudu, muka biyo ta gangaren nan da direbobi suka laƙaba wa suna da Turanci mai ma'anar "da yawa sun tafi", saboda yawan rayukan da suka salwanta a wurin. Da muka zo kansa sai hira ta ɗauke a cikin mota, kowa ya kama addu'a gwargwadon addininsa, ba a sake magana ba sai da muka sauka lafiya.

Kafin in shiga kasuwa ya kamata mai karatu ya san ko su wane ne Eggon. Hausawan da suna kiransu Madan Dutse, don suna zaton su da Mada maƙwabtansu abu ɗaya ne, alhali kuwa kowa da harshensa da sarautarsa. Sarkin Mada ana ce masa Chun Mada, na Eggon kuwa Aren Eggon, kuma fadarsa a nan Nasarawa Eggon take. Manyan zuriyoyinsu 3 ne, watau Anzo da Eholo da Enro. A ƙarni na 19 masarautun Keffi da Nasarawa da Jama'a, waɗanda ke biyayya ga Zazzau, suna kai hari ƙasashen nan don kamun bayi, gama bayi na cikin gaisuwar da ake aika wa Zariya. Mutanen fili da yawa suka sha wuya, amma Eggon suka riƙe duwatsunsu, inda doki ba ya hawa. Ko Magajin Keffi Ɗan Yamusa, wanda ya kashe Kyaftin Moloni a 1902 har zancen ya zama ɗaya daga cikin dalilan da Turawa suka kafa na yaƙar Kano a 1903, duk da jaruntakarsa bai mallaki kan duwatsun nan ba.

Na iske kasuwa ta fara cika. Abin da ya fara dukan hancina shi ne ƙanshin manja da na daddawa. A bakin hanya ga akori-kura da manyan motoci sun jeru suna jiran lodi. Daga ciki kuwa ga layin doya, an kasa ta tsibi-tsibi, ga garin rogo da alabo, ga dawa da masara da gyaɗa, ga agushi da riɗi cikin buhuna, wanda jihar Nasarawa ta yi suna a kansa. Can gefe maƙera sun baje garma da fartanya da lauje, kusa da su masu tukwanen ƙasa da masu kwanduna. A bayan kasuwa, ƙarƙashin mangwarori, akwai inda ake sayar da bammi da burkutu, kuma babu mai ce wa wani kanzil, wanda zai je masallaci ya bi hanyarsa, wanda zai je gindin mangwaro ya bi tasa.

Ba sai an nuna maka matan da suka sauko daga dutse ba. Za ka gane su da ƙurar da ke ƙafafunsu da gammon da ke ajiye kusa da daro, tsofaffin cikinsu kuma da tsagen da ke kumatunsu, wanda yaran yanzu ba su da shi. Ba su da rumfa, a ƙasa suke shimfiɗa buhu su zauna. Na durƙusa gaban wata dattijuwa mai sayar da wani irin wake manya-manya, wanda ake kira waken Eggon. Shi ne abincin girma a wurinsu, ana dafa shi da manja a fitar wa baƙo ranar biki.

Na ce, "Sannu da kasuwa, Mama."

Ta ce, "Yauwa ɗana, sannunka. Mudu nawa za a auna?"

Na ce a auna mini biyu, sa'an nan na tambaye ta yaushe ta baro gida. Ta ce tun zakara bai yi cara ba, da tocila a hannu, ita da jikarta, domin babu mota ko babur da ke kaiwa unguwarsu, sai an taka da ƙafa an gangaro inda hanya ta fara. Da ta gama awo ta ƙara mini gyara cike da tafin hannu biyu, ta ce in kai wa yara.

Ina nan tsugune sai ga wani dillali ya zo da buhu da mudunsa a hammata. Ya taya waken duka, kuma ya ce da nasa mudun za a auna. Na dubi mudun na ga an bubbuge gindinsa ya zurma, bakinsa ya buɗe. Tsohuwa ta ce albarka. Ya yi dariya ya ce zai dawo da la'asar. Bayan ya wuce ta ce mini lalle zai dawo, kuma ita ma ta san za ta sallama masa, don ba ta da ƙarfin da za ta sake hawa dutse da kaya a ka, kuma tana bukatar gishiri da sabulu da maganin ciwon gwiwa. Haka kuwa aka yi, da idona na gani. Wannan shi ne cinikin da ke gudana kowace ranar kasuwa: mai kaya tana tseren rana, mai saye kuwa yana zaune a inuwa yana jiran rana ta yi masa aiki. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Waken nan da riɗin nan in sun isa Maraba ko Abuja, kuɗinsu ya zama wani abu dabam, amma ba a hannun wadda ta yi gumi ba.

Da rana ta take na fake a rumfar wani mai shayi, inda na haɗu da wani dattijo, tsohon malamin makarantar firamare, haifaffen kan dutse. Da ya ji daga Keffi nake sai ya yi murmushi ya ce, "Malam, ashe baƙon namu na tun da ne." Ya ba ni labarin da ya ji daga kakansa, cewa a zamanin hari akwai masu tsaro a ƙololuwar dutse, da zarar sun hangi ƙurar dawaki sai a busa ƙaho, mata da yara su shige kogo, maza su tsaya a mashigi da kwari da baka, suna mirgino duwatsu. Ya ce a can sama babu filin noma, saboda haka sai suka riƙa jera duwatsu a jikin gangare suna yin gandu hawa-hawa kamar matakala, don kada ruwan sama ya wanke ƙasa, suna zuba takin awaki, suna shuka acca da dawa da wake. Har yau ana ganin sauran waɗannan matakalai, sai dai ciyawa ta rufe da yawa daga cikinsu.

Na ce, "To Baba, me ya sauko da ku?"

Ya ce abubuwa ne suka taru. Hari ya ƙare, Turawa kuma suka matsa a sauko inda za su iya ƙidaya mutane su karɓi haraji. Hanyar jirgin ƙasa ta gabas ta ratsa ƙasar, aka yi tasha a Gudi da Mada Tasha. 'Yan mishan suka kawo makaranta da ɗakin shan magani, Musulunci ya shigo ta hannun fatake, fili kuma ga ƙasar noma shimfiɗe. Sa'an nan ya dube ni ya ce, "Amma in gaya maka gaskiya, kakanninku sun zo da dawaki ba su hau ba. Jikokinsu suka zo da gishiri da atamfa, muka sauko da ƙafarmu."

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin duk inda na juya a kasuwar da Hausa ake ciniki. Ba'eggone da Bamade da Ba'alago da Bafillatana mai nono da Inyamuri mai kayan babur, in za su yi taye da sallama, da harshenmu suke yi. Dattijon ya ce wannan abin yana yi masa daɗi yana kuma ba shi tsoro, don jikokinsa da ke Lafiya sun fi sakin baki da Hausa da Turanci, in ya yi musu magana da Eggon sai su amsa masa da Hausa.

Ba kuma za a manta ba cewa zaman lafiyar da na gani an biya shi da tsada. Tun da aka ƙirƙiro jihar Nasarawa daga Filato ranar 1 ga Oktoba 1996, yankin nan ya sha rikicin ƙasar noma da na siyasa. A watan Mayu na 2013 aka kashe jami'an tsaro masu yawa a ƙauyen Alakyo, kusa da Lafiya, a rikicin ƙungiyar Ombatse, kuma faɗace-faɗacen da suka faru a shekarun nan tsakanin Eggon da maƙwabtansu sun raba dubban mutane da gidajensu. Saboda haka da na ga Bafillatana ta ajiye ƙwaryarta kusa da daron tsohuwar nan, suna ba juna canji, na san ba ƙaramin abu nake kallo ba. Amma irin wannan zama ba ya ɗorewa in ɗaya ɓangaren kullum yana komawa gida yana jin an cuce shi.

Don haka muna kira ga Ƙaramar Hukumar Nasarawa Eggon da shugabannin kasuwa su tsayar da mudu guda mai hatimi, wanda kowa zai yi awo da shi, su kuma tanadi ɗakin ajiya inda mace za ta bar kayanta zuwa kasuwa ta gaba in farashi bai yi mata ba. Gwamnatin jiha kuma ta dubi hanyoyin ƙauyukan gindin dutse, ko da na burji ne. Mu kuma 'yan'uwana masu zuwa saye daga Keffi da Lafiya da Kano, mu ji tsoron Allah a wajen awo. Mutanen nan sun yarda da mu har sun ɗauki harshenmu, bai kamata mu sāka musu da mudu mai zurfin gindi ba.

Da yamma ina jiran mota na hangi tsohuwar da jikarta sun kama hanyar dutse, daro babu komai sai ƙullin gishiri da sabulu da 'yar jarkar kananzir. Na ɗaga mata hannu, ta ce in gai da mutanen Keffi. To ga shi na isar da gaisuwa. Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.