Kayen lakwal a cikin tsohuwar Land Cruiser

Motar gidanmu ta girmi ɗana na fari da shekara goma sha ɗaya. Toyota Land Cruiser ce mai buɗaɗɗen baya, ƙirar HZJ75 ta 1994, irin farar nan da ƴan furoje ke shiga daji da ita har su gaji su yi gwanjonta. A gwanjon mahaifinmu ya saye ta, Allah ya jiƙansa, ya bar mana ita mu uku: yayana da ke noma a ƙauyenmu na ƙasar Kornaka, ƙanena da ke tuƙa ta, da ni da nake riƙe da ajin CM2 a nan Maraɗi. Yaya ke cewa a ɗauko kaza a kai wuri kaza, ƙanena ya tuƙa, ni kuma aka ce tunda na yi lakwal in riƙe lissafi.

Abokan aikina sun sha ce mini mu sayar mu huta, wai me ya haɗa malamin da ke jiran ƙarshen wata da mota mai silinda shida. Ban ga laifinsu ba, ba su san hanyar garinmu ba ne. Da ka sauka daga kwaltar Dakwaro rairayi ne zalla, ƙaramar mota ba ta yin kilomita biyu sai ta zauna da ciki. Motar nan ke fitar da hatsi da wake ranar kasuwa, ita ta kai teburan lakwal ɗin garin, kuma saboda ita ake buga mana ƙofa cikin dare idan naƙuda ta yi wa wata gardama. In ta tsaya, amalanken shanu ne kawai ya rage. Sabuwarta kuwa, ko mun haɗa abin da muke samu na shekaru mu ukun, ba mu kai kuɗinta ba.

Ni ban iya riƙe kile ba. Abin da na kawo wa motar kaye ne mai shafi 100, irin wanda nake sa ɗalibai su saya a watan Oktoba. Yana cikin akwatin gaban mota, an ɗaura masa bik da zare. Kowane shafi na raba shi gida huɗu: rana, kilomitan da agogo ya nuna, abin da aka yi, kuɗin da aka kashe. Yanzu muna kan kaye na huɗu. Daga cikinsa muka fitar da dokar gwangwani: kowace jika goma da motar ta samo, jika uku na shiga gwangwani, ba a taɓa su don biki, ba a taɓa su don suna. Da lita ɗaya ta gazwal ta tashi daga sefa 538 zuwa 668 a watan Agusta na 2022, a kan gwangwanin nan aka fi yin gardama a gidanmu. An sauko da farashin zuwa 618 a Yulin 2024, gardamar ba ta sauko ba.

Kuɗin gwangwani ba ya isa kome da kome, dole wani abu ya jira. Fenti ya koɗe tun zamanin Baba. Gilashin ƙofar dama ba ya hawa sai an tallafe shi da hannu, kujera bargo aka shimfiɗa mata, rediyo ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Uwargida tana cewa in za mu je suna in ajiye motar nesa da ƙofar gidan mutane. Duk wannan na iya jira har abada.

Baƙin mai shi ne ba ya jira. Injin motar, wanda ake kira 1HZ, lita 4.2 ne, silinda shida a jere, ba turbo, ba kwamfuta, kuma bidanji ɗaya yana shanye mai kusan lita goma. Muna juye shi duk kilomita 5,000 tare da filtarsa. Lita goma na mai kyau na cizon aljihun malami, shi ya sa da yawa suke ta ƙara lita ɗaya a kan tsohon mai suna cewa ai matakin bai sauka ba. Dattin da ke ciki dai yana nan, sai dai an ƙara masa ruwan wanka.

Ƙura ta fi ba ni tsoro. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, iskar hunturu na cika filtar iska cikin ƴan kwanaki. Za ka ga karen mota ya ciro ta yana bugawa a jikin taya don ƙurar ta zuba, maigidansa na kallo yana jin daɗin an yi aiki. Takarda ce fa a ciki. Bugun yana tsaga ta inda ido ba ya gani, yashi ya wuce cikin inji, ya riƙa cin zobban fisto kamar ana goga su da dutse. Bayan wata shida ko shekara sai hayaƙi mai shuɗi, sai shan mai, sai a ce a buɗe inji. Wurin mai faci ake kai ta, a hura iska daga ciki zuwa waje, a ɗaga ta a rana a duba ko haske na ratsa wani wuri. Akwai kuma ɗan kwano a ƙasan gidan filtar inda ƙura mai nauyi ke taruwa. Ƙanena na zubar da shi duk Juma'a kafin ya tafi masallaci.

Ruwa a cikin gazwal ma haka yake kisa a ɓoye. A daji ba ka da zaɓi wani lokaci sai man duro ko na bido. Ruwa ya fi gazwal nauyi, yana kwanciya ƙasa, don haka aka yi wa filtar gazwal ɗan famfo a gindinta da abin dannawa a samanta. Ka kwance, ka danna, ka tara a kwalba har ruwan ya ƙare. Na taɓa kai irin kwalbar nan aji don darasin kimiyya, yara suka ga gazwal a sama ruwa a ƙasa, layi ya raba su. Aikin minti biyar ne. In an bar shi ruwan ya kai ga famfon da ke raba wa silinda mai, gyaran ya wuce albashina na wata, kuma ba kowane garaji ke taɓa shi ba.

Sai kurwa. Haka makanikanmu ke kiran bel ɗin robar da ke daidaita motsin supap da fisto, daga kalmar Faransanci, kuma ban taɓa jin aron kalma da ya faɗa daidai wurinsa kamar wannan ba: ranar da ta tsinke, ran injin ya fita, fisto ya daki supap ya lanƙwasa su. Ba ta ƙara, ba ta gargaɗi. Kamfanin ya sa fitila a gaban direba mai rubutu T-BELT, tana kamawa bayan kilomita 100,000. Da tamu ta kama, wani mai gyaran wuta a wani garaji na kan hanya ya ce wa ƙanena fitilar banza ce, ya kawo jika ɗaya a kashe masa ita. Kashe ta ba wuya, maɓalli ne ake dannawa. Amma in an kashe ba a canza kurwa ba, wa zai tuna? Motocin gwanjo da yawa ba wanda ya san yaushe aka canza musu. Mu kayenmu ya sani, da rana da kilomita.

Da Yaya kuma rigimar lodi muke yi. Motar an ƙera ta don kaya kamar tan ɗaya. Buhun hatsi kilo 100 ne, tiya 40, ke nan buhu goma sun cika ta ko mutum ɗaya bai hau ba. Na mai da abin lissafin aji: an loda buhu 8, mutum nawa masu kilo 60 za su iya hawa? Yara suka ce uku, sannan aji ya fashe da dariya, don kowannensu ya ga mutum goma sha biyar a kan buhu goma sha biyu, da akuya. Yaya na cewa, «Kai dai lissafin lakwal gare ka, ƙarfen Japan ne.» Na buɗe masa shafin da aka rubuta lam ɗin baya biyu da suka karye bayan kaka, da kuɗinsu, na ce, «Yaya, ga abin da sawu ɗayan da muka rage ya ci.» Bai amsa ba, amma bana sawu biyu aka yi.

Wajen sayen kayan gyara ba na ƙin na okaziyo. Lam, ƙofa, fitila, ko akwatin giya da aka ciro daga wata mota, in ƙirar asali ce ta fi sabon jabu ƙarko. Kurwa, filta da robobin birki kuwa sababbi muke saye, kuma a hannun wanda in abu ya ɓaci za mu iya komawa mu zauna a kantinsa. Yawancin kayan daga Ƙofar Ruwa ta Kano suke zuwa, ta Jibiya da Ɗan Isa. Da Najeriya ta rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma bayan Yulin 2023 lokacin da hanyar Kwatano ita ma ta toshe, mun ga amfanin ajiye filta biyu da kurwa ɗaya a ƙarƙashin gado. Taya ta hannu kuwa ba zanenta kaɗai ake dubawa ba. A gefenta akwai lamba huɗu bayan haruffan DOT: 2316 na nufin mako na 23 na shekarar 2016. Taya mai kyan fuska tana iya kusan shekara goma, kuma kwalta a watan Afrilu, rana ta wuce digiri 40, ba ta raga wa tsohuwar roba.

Ba ni na gano maganar lambar taya ba. Wani tsohon ɗalibina ne ya nuna mini, yaron da ya bar kwaleji a aji na biyu ya shiga garajin da muke kai motar. Yara bakwai ne a garajin, shi kaɗai ke karatu ba tuntuɓe. In za a ɗaure kusoshin kilas, waɗanda ake ɗaurewa daga tsakiya zuwa waje, mataki mataki, da ma'aunin ƙarfi, shi ake kira ya karanta takardar. In za a yi odar kaya a waya, shi ke karanto lambar shasi don kada a aiko na wata ƙira. Shi ke rubuta mini a kaye abin da aka yi. Patiro, wanda ya shekara talatin yana aikin kuma kunnensa ya fi na'ura, da bakinsa ya ce mini, «Mushe, yaron nan zai wuce ni, don ni abin da na gani kawai na sani.» Gaskiyarsa. Hilux ɗin yanzu masu injin D-4D kwamfuta ke tafiyar da su, na'ura ake jona musu ta fito da lambobi da bayani cikin Faransanci ko Ingilishi. Sauran yara shidan sun san kile 10, 12, 14, 17 da 19 da ido, sun fi ni ƙarfi da wayo, amma ranar da irin motarmu ta ƙare a ƙasar nan, wanke ƙarfe za a bar musu.

Shi ya sa ba na jin daɗi idan uba ya zo mini a ƙarshen shekara da maganar da duk malami ya sani. Na bana ma ya zo, mai sayar da kayan miya ne a kasuwa. Ya ce, «Mushe, yaron nan kansa ba ya ja, gara in kai shi garaji ya koyi sana'a.» Na ce, «Malam, garaji sana'a ce mai kyau, ni ma da ita gidanmu ke tafiya. Amma ka bar shi ya iya karanta takarda da raba lamba tukuna. Ya je garajin ranar Asabar da lokacin hutu. In ya ƙare, akwai cibiyoyin koyon sana'a na CFM, in Allah ya sa ya yi nisa ga Lise Teknik Ɗan Kasawa nan cikin gari.» Ya ce wa zai ciyar da shi kafin nan, a garaji ko ba kome ana ba yaro na abincin rana. Na ce wannan gaskiya ne. Muka yi shiru. Da zai tashi ya ce zai yi shawara da uwar yaron, kuma ya tambaye ni ranar da za a koma lakwal.