Injin kwance noti da na saya a Gate

Daren da tayata ta fashe tsakanin Oyo da Ogbomosho, ga iyali a mota, har hawa kan sifana na yi da ƙafa biyu, noti ya ƙi motsi. Ashe mai faci ya ɗaure shi da injin iska kamar ba za a sake kwancewa ba. Mun daɗe a dajin nan, kowa na salati.

Da muka dawo Sabo sai na nufi kasuwar Gate neman irin mai batir. Wani yaro ya miƙo min mai araha, an cika kwalinsa da manyan lambobi. Na ce, "Samari, mu gwada a motata." Ƙara kawai yake, noti ko gezau.

Ƙarshe na ɗauki mai bakin rabin inci, 18V, wanda ake samun batirinsa a kasuwa in ya mutu. Kuɗin ya yi min ciwo, ba ƙarya.

Kwancewa kawai nake yi da shi. Wajen ɗaurewa da hannu nake ɗora noti, in ƙarasa da sifana, kar in yi wa kaina aikin mai facin nan. Batirin kuwa duk Juma'a nake sa shi caji, in an kawo wuta.