Shekarun da Lorraine Hansberry Ta Yi a Ajinmu

Daga 2016 zuwa 2020 hukumar WAEC ta sa wasan kwaikwayon A Raisin in the Sun cikin littattafan adabi na jarrabawar kammala sakandare. A shekarun nan ina koyar da adabin Turanci a wata makarantar je-ka-ka-dawo, kuma cikin duk littattafan da suka bi ta hannuna a aikin alli, babu wanda nake kewa kamar wannan.

Littafin bai wadace mu ba. Yara uku ko huɗu ke haɗa kai a kan kwafi ɗaya, shi ma na hoto ne da aka ɗinke da zare. Ran Laraba bayan an tashi sai mu tura tebura baya, gaban allo ya koma ɗakin iyalan Younger a kudancin Shikago. Benci ɗaya shi ne doguwar kujerar da yaro Travis ke kwana a kai, don ba shi da ɗaki. Wata ɗaliba ta dasa barkono a gwangwanin madara ta kawo, ya tsaya a madadin 'yar shukar da Mama ke lallaɓawa a bakin taga. Ita ta riƙa ba shi ruwa har ƙarshen zango.

Labarin bai ba su wuya ba. Maigida ya rasu, za a biya iyalinsa kuɗin inshora dala 10,000. Uwar gida, Lena, wato Mama, tana son ta sayi gida su huta da haya da layin banɗaki. Ɗanta Walter, direban wani attajiri farar fata, yana son jarin buɗe shagon giya, ita kuwa tsoron Allah ya hana ta yarda. Ƙanwarsa Beneatha likita take son zama. Tun ba mu gama fitowa ta farko ba wani yaro daga baya ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, ai wannan rigimar gado ce." Daga ranar aji ya rabu. Maza da yawa suna bayan Walter, suna cewa namiji mai iyali ba ya tabbata yana buɗe wa wani ƙofar mota. Mata suka ce kuɗin karatu ba abin taɓawa ba ne. Da muka iso inda abokin Walter ya gudu da dala 6,500, har da 3,000 da aka keɓe don karatun Beneatha, yarinyar da ke fitowa a matsayinta ta kasa ƙarasa layinta, hawaye na zuba. Ban tambaye ta dalili ba. Kowa a ajin ya san gidan da aka taɓa cire 'ya mace daga makaranta don a tayar wa yayanta jari.

Wuri ɗaya ne ya ɗaure musu kai: me zai sa wani mutum mai suna Lindner ya zo cikin ladabi yana tayin kuɗi don kawai kada iyalin su tare a gidan da suka saya? Nan ne na kan rufe littafin in ba su labarin mai shi.

An haifi Lorraine Hansberry a Shikago ranar 19 ga Mayu, 1930. Mahaifinta, Carl, dillalin gidaje ne mai rufin asiri. Tana 'yar shekara takwas ya kai iyalinsa wata unguwa da masu gidajenta suka rattaba hannu kan yarjejeniyar ba za su sayar wa baƙar fata ba. Jama'a suka yi wa gidan dafifi, aka wurgo dunƙulen kankare ta taga, saura kaɗan ya sami yarinyar a ka. Uwarta ta riƙa kwana tana zaga gida da bindiga a hannu. Shari'ar ta kai Kotun Ƙolin Amurka, a 1940 aka ba Carl gaskiya, amma a kan wani batu na ƙa'idar shari'a, ba a soke irin wannan yarjejeniya ba. Ya rasu a Meziko a 1946 yana shirin kwashe iyalinsa daga Amurka. Abin da ta gani da idonta ta rubuta, shi ya sa wasan ba ya da kame-kame.

Ta bar Jami'ar Wisconsin ba ta gama ba, ta koma New York a 1950, ta yi aiki a jaridar Freedom ta Paul Robeson. Ranar 11 ga Maris, 1959 aka fara nuna wasanta a Broadway, karo na farko da aka ɗora aikin mace baƙar fata a wannan dandali. Sidney Poitier ne Walter. An nuna shi sau 530, masu sharhin wasanni na New York suka zaɓe shi gwarzon shekara, alhali ba ta cika talatin ba.

Abin da yara suka fi so shi ne Joseph Asagai, ɗalibi Bayarabe daga Najeriya mai neman Beneatha. Ba a iska Lorraine ta tsinto shi ba. Baffanta William Leo Hansberry malamin tarihin Afirka ne a Jami'ar Howard, Nnamdi Azikiwe na cikin ɗalibansa, daga baya Jami'ar Nsukka ta sa wa cibiyarta ta nazarin Afirka sunansa. Ita kanta ta ɗauki darasi a gaban W.E.B. Du Bois. Shekara guda kafin mu sami 'yanci, ta sa Beneatha ta tambayi Asagai yadda za a yi da ɓarayin cikin gida da za su gaji kujerar Turawa, shi kuma ya amsa cewa ko da hakan za ta faru, ba dalilin fasa neman 'yanci ba ne. Wannan shafi kaɗai ya kan cinye mana darasi biyu, kuma ban taɓa ganin asarar lokacin ba.

Harkar fim ba ta yi mata adalci ba. Ita ta rubuta fim ɗin wasan na 1961, amma kamfanin ya ƙi karɓar fitowar da ta ƙara mai nuna wariya ƙarara. Tashar NBC ta sa ta rubuta The Drinking Gourd a kan zamanin bauta, aka karɓa aka ajiye, ba a ɗauka ba. Ciwon daji ya yi ajalinta ranar 12 ga Janairu, 1965, tana da shekara 34. Wasanta Les Blancs, a kan mulkin mallaka a Afirka, sai a 1970 ya hau dandali.

Yanzu an sauya manhaja, littafin ya fita daga jakunkunan yara. Roƙona ga manazartanmu na sassan Hausa da masu shirya wasan daɓe shi ne, wani ya nemi izini ya mayar da wannan wasa Hausa. Iyayen ɗalibaina ba su jin Turanci, kuma su ne suka fi cancanta su kalle shi.