Hannun Ɗan Dako Ya Gajarta, Kuma Faɗin Haka Ba Hassada Ba Ce

Masu bibiyar wannan shafi sun san inda mai shi yake yin yammacin Asabar. Shagon rubuta allo ne a wani lungu na Fagge, ba nisa da Kantin Kwari, da benci biyu a bakin ƙofa da warin fenti da ba ya sakin riga. Bayan la'asar masu zane kan taru a nan, kowa da abin da ya yi a mako, a jingina da bango a duba. An daɗe ana haka ba a taɓa tashi baram-baram ba sai Asabar ɗin da ta wuce, kuma abin da ya faru ya tsaya wa mai wannan shafi a rai har yau.

Wani saurayi da bai kai shekara ashirin ba ya zo da zanen fensir a babbar takarda, shi da abokansa uku. Ɗan dako ya zana, irin masu ɗauko dilolin atamfa a Kwari, dila a ka, ya ɗaga hannu ɗaya ya tallafe ta. Ya ce mako biyar ya yi a kai, kuma duk wanda ya matsa kusa ya san bai yi ƙarya ba. Gumin da ke gangarowa daga goshin mutumin zuwa gefen hanci sai ka ce zai jiƙa yatsa. Zaren gammon da ke kansa ɗaya-ɗaya aka ja shi. Har tsagewar leɓen ƙasa, irin wadda hunturu ke yi, tana nan. Wuri ya ɗauki "Masha Allah", "tubarkalla", "kai, kamar hoto!"

Mutum ɗaya ne ya yi shiru. Dattijo ne haifaffen Sabon Gari, iyayensa daga kudu suka zo, amma Hausa a bakinsa kamar jakin Kano. Ya fi shekara arba'in yana zana allunan masu aski da bayan manyan motoci, kuma kamar yadda yakan faɗa, da kwaikwayon fuskokin 'yan fim ɗin Indiya daga fastocin ƙofar sinimar Eldorado da ta Plaza ya fara. Ya tashi ya ja da baya har bakin kwata, ya rufe ido ɗaya, ya ɗan jima a haka. Sannan ya dawo ya ce, "Ɗana, fatar nan ni ban iya yin irinta ba. Amma hannun nan ya gajarta daga kafaɗa zuwa gwiwa, kuma dilar ba ta da nauyi. Wanda ya ɗauki dila wuyansa nutsewa yake yi cikin kafaɗu. Naka ga shi tsaye ƙyam kamar mai jiran a ɗauke shi hoto."

Yaron ya ce, "To, Baba," a hankali. Da su biyu ne, da magana ta tsaya nan, an ɗauko fensir an auna. Sai ɗaya daga cikin abokan ya ɗaga murya ya ce, "Baƙin ciki ne kawai. In ya isa ya zana irinsa." Wani ya ƙara da cewa dama tsofaffi ba sa son ganin yaro ya tashi. Saurayin ya naɗe takardarsa hannunsa na rawa, suka fice ba sallama. Dattijon ya koma benci, bai sake buɗe baki ba har aka kira magariba.

Hannun kuwa ya gajarta. Wannan ba ra'ayin wani ba ne, awo ne. Masu zanen jikin mutum da kai suke aunawa: baligi a tsaye tsawonsa kai bakwai da rabi ne, wani ya kai takwas. In ya saki hannu, gwiwar hannun kusa da ƙugu take sauka, 'yan yatsu kuma su kai tsakiyar cinya. In ya buɗe hannuwa biyu, gabarsa kusan tsawonsa ce, gabar nan da masu haƙa rijiya ke awo da ita. Abin da Leonardo da Vinci ya zana ke nan wajen 1490, mutum a cikin da'ira da murabba'i. Ido a tsakiyar kai yake, tsakanin tsakar ka da haɓa, ba can sama ba inda sababbin hannu ke son ɗora shi. Gaskiya ne hannu kan yi kamar ya gajarta in ya miƙo wajen mai kallo. Amma na zanen nan gefe ya yi, babu abin da zai fake da shi.

Ga dukkan alamu daga hoton waya yaron ya kwafo. Haka akasarin matasa ke yi yanzu: a raba hoton gida-gida da layuka, a raba takarda haka, a bi gida ɗaya bayan ɗaya ana cikewa. Hanyar ba haramun ba ce, tsofaffin masu allo ma da ita suke faɗaɗa ƙaramin hoto ya cika bango. Illarta ita ce mai zane yakan yi mako biyar yana kallon ɗan gidan da ke gabansa bai taɓa kallon mutumin gaba ɗaya ba. Kyamarar waya kuma in an matso da ita kusa tana kumbura abin da ke kusa ta tsuke na nesa. Ido ba ya damuwa da haka a hoto. Da zarar an mai da shi zane, sai kuskuren ya zama na mai fensir.

Abin da ya fi ɓata wa mai wannan shafi rai ba kuskuren ba ne. Kowa na yin sa. Kalmar nan ce, "kamar hoto", wadda ta zama ita kaɗai ce ma'aunin zane a bakin mutane. Asalinta ba ɓoyayye ba ne. A watan Yulin 2018 wani yaro ɗan shekara 11, Kareem Waris Olamilekan, ya zana shugaban Faransa Emmanuel Macron lokacin da ya ziyarci New Afrika Shrine a Legas, labari ya zagaye duniya. A watan Fabrairun 2019 Eli Waduba Yusuf, matashi daga Kaduna, ya zana ɗan wasan barkwancin Amurka Kevin Hart da fensir, mutumin ya gani ya ce zai saya, har ya nemi a yi masa wasu. Ga Arinze Stanley a Legas, ga Kelvin Okafor a Ingila. Duk mai son zane ya yi murna da su, kuma sun cancanta. Sai dai abin da yaran Kano da yawa suka ɗauka daga labarin shi ne ƙofofin gashi da ɗigon gumi. Suka sayi fensir daga HB har 8B, da gawayi, da magogi mai laushi da ake murzawa kamar ƙullu, da audugar goge kunne ta lailaya inuwa. Ba wanda ya gaya musu cewa a ƙarƙashin fata akwai ƙashi, kuma shi ake fara zanawa.

Masu alƙalamin feshi abin ya fi kama su. Ɗan ƙaramin bututu ne kamar biro da ake haɗawa da kwamfuresa; a danna maɓalli iska ta fito, a ja shi baya fenti ya biyo ta. A Amurka aka ƙirƙiro shi wajen 1879, kuma aikin da ya fara yin suna da shi gyaran hotunan kyamara ne, wato shafe tabo da sulɓe fuska. Har yau halinsa ke nan. Wanda ya koyi tsarma fenti ya yi ruwa-ruwa kamar madara, ya san in ya matso da bakin zai ba shi siririn layi, in ya ja baya ya ba shi hazo, cikin 'yan watanni zai iya fesa kunci mai sheƙi a jikin riga ko a hoton ango da amarya. Mutane su ga sheƙin su yaba. Kunne na iya zama a inda bai kamata ba, hanci ya karkace, sheƙin ya rufe idon kowa. Mai wannan shafi ya taɓa yin bayani a nan kan wahalhalun na'urar: ruwan da ke taruwa a tankin iska da damina ya tofo a tsakiyar aiki, ƙurar hunturu da ke toshe baki, allurar ciki da ke lanƙwashewa in ta faɗi, ga ɗauke wuta, ga buƙatar rufe hanci don kada huhu ya sha fenti. Duk waɗannan ana tambaya, ana amsawa, ba mai jin haushi. A ce wa mutum kafaɗar da ya fesa ba ta zauna ba, a nan zumunci ke tsinkewa.

Da ba haka ake koyo ba. Sabon Gari tun kafuwarta wajen 1913, bayan zuwan jirgin ƙasa Kano, matattarar masu sana'ar hannu ce, kuma yaron shago a gaban ogansa yake aiki. Mai wannan shafi ya yi irin wannan zaman, ya ga ogansa ya sa tsumma ya goge fuskar da ya yini yana yi, ya ce masa "sake", ba ƙari. Ranar bai ci abincin dare da daɗi ba. Kashegari ya sake, ta fi kyau. Injinan buga bana sun ƙwace yawancin aikin allo, shaguna sun ragu, yara suka koma koyo daga bidiyon waya su kaɗai a ɗaki. Bidiyo zai nuna wa mutum yadda ake riƙe fensir. Ba zai leƙo takardarsa ya ce hannu ya gajarta ba. Majalisar Asabar ɗin nan tana cikin 'yan wuraren da suka rage da za a gaya wa mutum haka kyauta, shi ya sa abin ya yi ciwo.

Mai wannan shafi ya san abin da za a ce. Za a ce dattijon ya kamata ya ja yaron gefe, nasiha a gaban jama'a tozartawa ce. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki, kuma da a wurin ɗaurin aure ko a kasuwa aka yi, da shi ma ya goyi bayan masu faɗin haka. Amma wurin don haka aka kafa shi. Wanda ya jingina zanensa da bangon nan ya riga ya ce a duba. A sashen zane na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da sauran makarantun da ake koyar da fannin, a gaban aji ake kafa aikin ɗalibi a tattauna shi, don kuskuren mutum ɗaya darasi ne ga ashirin. A Zariyan nan ne a 1958 ɗalibai irin su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiya suna ƙalubalantar tsarin da malamansu Turawa ke koyar da su. Da yabon juna kawai suka zauna yi, da ba a san sunansu ba yau. Kuma a tuna da wace magana dattijon ya fara: cewa ya yi shi bai iya yin irin fatar ba. Mai hassada ba ya fara magana da haka. Gyara kayanka bai taɓa zama sauke mu raba ba.

Za a kuma samu masu cewa duk zancen ɓata lokaci ne tunda zanen mai rai ne. Mai wannan shafi ba malami ba ne, kuma ba ya wasa da maganar. Abin da ya sani shi ne sanannen ra'ayi a mazhabar Malikiyya ya bambanta mutum-mutumi cikakke mai inuwa da zane a shimfiɗe kan takarda, wasu malaman kuma sun tsananta a kan duka biyun. A garin nan ne Hisbah ta hana teloli da masu kanti amfani da mutum-mutumin tallan tufafi a 2021, don haka ba mai zanen da zai ce bai san inda yake zaune ba. Akwai abokan sana'a da suka bar zanen mutane saboda tsantseni, suka koma zayyana da rubutun Larabci da adon bango, kuma ana girmama su a majalisar. Kowa ya tambayi malaminsa. Amma wanda ya riga ya ɗauki fensir zai zana mutum, tsantseni ba zai zame masa hujjar yin aiki rabi da rabi ba. Hasali ma nauyinsa ya fi na wasu, domin a Kano mutum cikin sutura ake zanawa, dole mai zane ya san inda kafaɗa take a ƙarƙashin babbar riga, ya san yadda mayafi ke sauka daga ka ya karye a gwiwar hannu.

Maganin da mai wannan shafi ya sani ba shi da tsada. Ƙaramin littafi da fensir ɗaya, a zauna a bakin Kwari ko tashar New Road, a nemi izinin mutum, a zana shi cikin minti biyu ba gogewa, a buɗe shafi a sake. Ashirin a rana. In an gama babban aiki a ja da baya taku shida, a duba shi ta madubi, a kifa shi kai ƙasa. Karkacewar da ido ya saba da ita nan take take fitowa. Mai dubawa kuma ya faɗi abin da ya zauna, ya nuna wuri ɗaya ko biyu da yatsa, ya faɗi dalili, ya yi shiru. Abin da dattijon ya yi ke nan daidai.

Abokan nan uku su suka cuci yaron, ko da sun ɗauka kare shi suke yi. Yana da hannu, yana da haƙurin da da yawa daga cikin manyan wurin ba su da shi, abin da ya rage masa aikin 'yan watanni ne. Dattijon ya ce Asabar mai zuwa zai taho da tsohon littafinsa na zanen hannuwa da kafaɗu don ya nuna masa. Duk wanda ya san saurayin nan a Fagge, don Allah ya gaya masa ya dawo bayan la'asar, ya taho da zanen ɗan dakon yadda yake, kada ya goge komai.