Ƙarfe Guda a Ƙarƙashin A-kori-kura

Sau uku a damina ɗaya ƙafar gaban motarsa ta ci amanarsa tsakanin Birnin Tudu da Talata Mafara. Na ukun ya zo gab da magariba, motar cike da buhunan taki, tayar hagu ta kwanta a cikin laka. A yankin da 'yan bindiga suka mayar da tafiyar yamma kasada, lalacewar mota ta wuce maganar kuɗin gyara. Ya bar motar da kayanta ya taka zuwa ƙauye mafi kusa, kuma a daren ya yanke shawarar sauya mata ƙafa ɗungurungum.

Motar Hilux ce ƙirar farkon shekarun 2000, irin wadda kowace tayar gaba ke da hannuwanta da gaɓoɓinta daban. Tana da daɗin zama a kan kwalta, amma kowace gaɓa wuri ne da laka da nauyi za su ci. Hilux ɗin da ta gabace ta, wadda aka ƙera har zuwa 1997, ƙarfe guda ke haɗa tayoyinta na gaba, wato aksil, yana zaune a kan sifirin mai falle-falle. Land Cruiser 70, da ta fito a 1984, har yau ba ta rabu da aksil ɗin ba. Irinsa ya sayo na hannu a Ƙofar Ruwa, a Kano.

Bakanikensa na Mafara ya ce aikin kwana uku ne. Ya ci mako biyar.

Ɗaura aksil ɗin bai ba da wuya ba. Ranar gwaji, da aka sa giyar taya huɗu a kan tsandauri, sai motar ta riƙa ƙugi tana turjiya kamar jakin da aka yi wa dabaibayi. Da aka buɗe aka ƙirga haƙoran giya, na baya 41 ne a kan 10, na gaba 41 a kan 9. Ma'ana, idan tayoyin baya sun juya sau goma, na gaba tara kawai suka yi. Babu wanda ya ƙirga a Kano, alhali ƙirgar ba ta kai minti goma ba.

"Alhaji, ƙarfen lafiyarsa lau," in ji bakaniken. "Abokin tafiyarsa ne ba nasa ba."

Matsala ta biyu ta fi ban tsoro. Duk wanda ya lura da keke ya san cokalin gabansa ba a miƙe yake ba. Wannan 'yar karkatar ce ke dawo da taya saiti bayan kwana. Mota ma haka take. Mai walda ya kafa mazaunin sifirin da ido, karkatar ta ragu. A kan titin Gusau zuwa Sakkwato, motar na cikin gudu ta faɗa rami, sitiyarin ya kama karkarwa har ya kusa ƙwacewa daga hannunsa. Ƙananan ƙarafa biyu masu siffar bakin gatari, da aka cusa tsakanin sifirin da aksil, su suka kawo ƙarshen abin.

Akwai asarar da gyara ba ya mayarwa. Motar ta ƙara tsawo, don haka tana rangaji a kwana idan an yi mata lodi mai tudu. Taushin zaman ya tafi. Mahaifiyarsa ta shiga sau ɗaya zuwa asibiti, ta ce ba ta ƙarawa. Dillalai kuma ba sa taya motar da aka yanka wa shasi da daraja. Da ya yi lissafi tun farko, mai yiwuwa sayar da ita ya sayi tsohuwar Hilux ya fi sauƙi, kuma shi kansa ba ya musun haka.

Da rani, yana kwaso shinkafa daga gonakin ban-ruwan Bakolori, falle ɗaya na sifirin ya karye bayan la'asar. Shi da yaron motarsa suka ɗaga ta da jak, suka cusa guntun icce, suka ɗaure da igiyar lodi. A giya ta biyu suka lallaɓa, suka shiga Bakura ana kiran sallar magariba. Washegari wani maƙeri ya yanka masa falle daga tsohon sifirin wata mota.