Ƙarfe da Katako, ko Roba?

Masu sha'awar ƙananan bindigogi a Amurka sun daɗe suna tafka muhawara: shin mai jikin ƙarfe da ƙotar katako ce ta fi, ko kuwa mai jikin roba mai tauri?

Magoya bayan ƙarfe kan kafa hujja da Colt M1911, ƙirar John Browning, wadda sojojin Amurka suka riƙa daga 1911 har zuwa 1985. Nauyinta ya haura kilo ɗaya, kuma nauyin nan ne ke rage zaburarta idan an harba. Ɗaya ɓangaren kuwa sai su nuna Glock 17, ƙirar Gaston Glock, wadda sojojin Ostiriya suka karɓa a farkon shekarun 1980. Bututunta ƙarfe ne, amma gangar jikinta roba ce da ba ta tsatsa, ga sauƙin ɗauka, ga arhar ƙira.

Ni dai zuciyata tana wajen ƙarfe da katako, domin a jikinsu nake ganin hannun maƙeri, kamar yadda nake gani a adakar maharbanmu. Amma hankalina yana tare da ɗan sandan da zai wuni da makami a ƙugu, ko ana rana ko ana ruwa. Shi ba ado ne a gabansa ba. So yake ya koma gida wurin iyalinsa lafiya.

Don haka, duk sha'awar da nake yi wa tsohuwar ƙira, ina ganin zaɓi na mai ɗauka ne, ba na mai kallo ba. Jiki magayi.