Tafi a Uganda, Kunya a Gidanmu

A shekarar 1954 wata mai bincike, Mary Ainsworth, ta fara shiga gidajen Baganda kusa da Kampala, tana lura da jarirai da iyayensu mata. Daga baya ta yi irin aikin a Baltimore ta Amurka. Nan da can ɗabi'ar ɗaya ce: yaro ya rarrafa ya yi nisa, in ya firgita ya garzayo jikin wadda ya saba da ita. Tarbar ce ta bambanta. Uwa ta dawo, ɗan Baganda ya yi mata tafi, ɗan Amurka kuwa runguma da sumba.

Nakan ce, da gidanmu ta shigo, me za ta rubuta? Inna ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, don shi ne ɗan fari. Ba ta yi masa wasa a gaban mutane. In ya faɗi ta kau da kai, kaka ta ɗauke shi. Baƙo mai biro da takarda zai ce babu ƙauna, alhali ita ke ɓoye masa tsokar nama ta aika ƙanwarta ta kai masa.

Amma wannan kunya ta yiwu ne saboda hannuwa sun yi yawa a gidan: kaka, gwaggo, matan baffanni. Yau ƙanena yana haya a birni, daga shi sai matarsa sai ɗansu. In matar ta kau da kai, wa zai ɗaga yaron? Shi ya sa ban ga laifinta ba da take kiran sunansa tana goya shi a gaban surukai, ko da yake Inna har yanzu takan sunkuyar da kai in ta ji.